Matakala Ta Tamanin Da Bakwai

Shekara ashirin da uku Evaristo mijina
yana jera kwantenoni a tashar jiragen Valparaiso,
ba da damtse ba, da baki da waya:
wannan ya hau, wancan ya dakata,
na kifi kada ya kuskura ya kwana.
In jirgi ya makara da minti goma
wani can a bene zai auna shi da dala
ya sauko da lissafin ya rataya masa a wuya.

Wayar nan ta fi ni sanin kunnensa.
Biyun dare take tsala ihu,
ya zabura, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Abinci a tsaye, gahawa baƙa ƙirin,
taba a bayan sito inda iska ba ta kashe ashana.
In na sa kai a ƙirjinsa
sai in ji ana ta buga ƙofa daga ciki,
bugun wanda ya makara.
Na ce, ruwa fa ba ya tsami banza.
Ya ce, Nelida, bari watan inabi ya wuce,
jiragen za su ragu.
Inabi ya wuce, tuffa ta zo.

Gidanmu a kan tudu yake, fentinsa shuɗi,
matakala ɗari da goma sha huɗu daga titi.
Da yana hawa da Ximena a kafaɗa yana fito.
Ran wata Talata, a ta tamanin da bakwai,
ya zauna.
Haka kawai, ya zauna,
ledar burodi a cinya, gumi sharkaf cikin sanyin teku,
hannun dama riƙe da na hagu
kamar mai rarrashin ƙaninsa.
Da na iso, abin da ya fara cewa:
wa zai gaya musu na yamma ya canja gurbi?

Likita Ampuero ta shimfiɗa doguwar takarda,
zane ya hau ya gangara kamar unguwarmu daga jirgin ruwa.
Ta ce, jiki in ya tsorata yakan ɗaure jijiya,
ya tunzura jini, ya zuga zuciya,
don mutum ya tsere wa abin da ya biyo shi,
in ya tsira sai komai ya kwance.
Kai kuwa abin da ke bin ka a aljihunka yake kwana.
Ganga in ta cika zaƙi, ka san sauran.

Suka zura siririn ƙarfe suka buɗe hanyar da ta toshe.
Yana kwance, wayar na rawa a kan durowa.
Na ɗauke ta, na kai gida,
na binne ta cikin gwangwanin shinkafa.
Kwana biyu tana gurnani a ƙarƙashin murfi
kafin ta yi shiru.

Ta tagar asibiti ana hango tashar.
Jirgin yamma ya tashi a kan lokaci.
Na jibi ma ya tashi.
Ya daɗe yana kallo, ban san ko sauƙi ya ji ko ciwo ba.
Ya ce, ashe suna iyawa.

Yanzu ƙwaya huɗu da safe, gishiri kaɗan,
ya koma aiki, na rana kawai, rabin albashi ya tafi.
Wani yaro, Baltasar, shi ya gaji wayar dare,
na gan shi jiya yana gudu da gahawa a hannu.

Da yamma mukan hau tare.
A ta tamanin da bakwai yakan tsaya,
ba don gajiya ba, in ji shi.
Ni dai nakan sa tafina a ƙirjinsa in saurara
har mai bugun ƙofar ya sassauta.
Saura ashirin da bakwai.